Giɓin Ranar Lahadi

Jama'a, na ga saƙonninku. Wata ta ce na cika yabon surukina kamar ni zan aure shi, wani ya ce in Edvan yana da ƙane a ajiye wa 'yarsa. Na yi dariya a lokacin. Yau ba dariya ta kawo ni ba. Na daɗe ina juya wayar nan a hannuna kafin in fara, domin abin da zan faɗa da laifina a ciki, kuma ba mai son ya tuɓe rigarsa a tsakiyar kasuwa.

Wanda bai san ni ba, sunana Genival. Aski nake yi a nan Lagoa do Umbu, shekara talatin da ɗaya ke nan, a shago ɗaya, gaban madubi ɗaya. Karatuna bai wuce aji biyar ba. 'Yata ɗaya ce tal, Jaciara, shekararta ashirin da shida, ita ta yi mana karatun gidan gaba ɗaya har ta fito da takardar kwamfuta. Uwarta Zilda ta rasu a watan Yuni, saura kwana goma sha biyu bikin São João, babban bikinmu na shekara. Rigar da ta ɗinka don bikin, mai furanni ja, tana nan rataye a bayan ƙofa har yau.

Edvan kuwa ni na kawo shi gidan nan, kada wani ya gaya muku wani abu daban. Aski ya zo yi, saurayi mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa, mai gaida manya ɗaya bayan ɗaya. Samarin yanzu sun daina neman albarka, amma shi ranar da ya fara zuwa gidana ya kama hannuna ya sumbaci bayansa ya ce, "Sa min albarka, Baba." Nan take ya saye ni. Jaciara ta ce turarensa ya yi yawa. Sai wayata ta lalace sau uku a wata ɗaya, ni na lalata ta, ina aikenta ta kai gyara. A na ukun ta dawo tana murmushi ita kaɗai. Daga baya ta so shi da gaske, son da ya fi wanda na roƙa mata. An sa mata zoben baiko a hannun dama, ranar ashirin ga Disamba za a mayar da shi hagu.

To ga abin da ya shigo tsakani.

Tun watan Afrilu wani tsohon ɗan sanda, Manjo Teobaldo, ya fito neman kujerar magajin gari. Irin masu ra'ayin riƙau ɗin nan ne: bindiga a kowane gida, malaman makaranta maƙiyan iyali ne, duk wanda bai bi shi ba ɗan iska ne. Shi a bakinsa ba ya kama suna. A waya ake kama masa. Da safe ka buɗe guruf ɗin dangi, ko na coci, ko na ƙwallo, ka tarar da hoto da murya, ba ka san wanda ya fara jefowa ba. Haka aka yi wa Malama Celeste, wadda ta koya wa Jaciara karatu a aji ɗaya. Aka haɗa hotonta riƙe da littafin batsa a gaban yara. Mace mai shekara sittin da biyu, wadda ko hannun rigarta ba ta naɗewa. Aka jefi tagarta, aka yi mata rubutu da fenti a bango, iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga ajinta.

Ranar da Jaciara ta ga bangon nan ba ta ci abinci ba. Kafin mako ya zagayo ta haɗu da wasu su goma sha uku, masu ilimin kwamfuta irinta, ba mai biyansu ko sisi. Suna kiran kansu Rariya. Aikinsu shi ne jama'a su turo musu duk saƙon da suka gani, su kuma su rubuta wace lamba ce ta fara jefa shi, a wane guruf, ƙarfe nawa. In sun gama tacewa, wata lauya za ta kai kotun zaɓe. Ran Asabar da rana falona yake cika da wayoyin caji da kofunan kofi.

Ni tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Yaran Manjo a kan babura suke yawo, biyu-biyu.

"Ki bar musu siyasarsu," na ce mata. "Ke amarya ce. Ki je ki gwada riga."

"Rigar ba za ta gudu ba, Baba."

Yayata Neuza, wadda ta dawo gidan tun rasuwar Zilda, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Rabu da shi, 'yar nan. Ubanki tun yana yaro in kaza ta yi fiffike sai ya hau tebur."

"Yaya, a gaban yarinya?"

"Yarinyar da ta fi ka zuciya? Je ka share gashi."

Edvan shi bai taɓa hana ta ba. Saƙo ma yake turo mata, ina gani in ta ajiye wayar a tebur: "Ki ci abinci, jarumata." "Kada ki dawo ta titin tasha, ki bi ta coci." Nakan ce a raina, Zilda, kin ga mijin da na samo wa 'yarki?

Asabar ɗin makon jiya, bayan abokan aikinta sun watse, na shigo na same ta zaune ita kaɗai gaban kwamfuta. Tana sanye da tsohuwar rigar uwarta mai ruwan ƙasa, ta ɗaure gashinta da fensir. Kofinta ya huce ba ta taɓa shi ba.

"Baba, zo ka ga wani abu."

"In boko ne ki ƙyale ni."

"Wannan naka ne. Duba, me ka gani?"

Na sa tabarau. Wasu siraran layuka ne a tsaye, jere reras.

"Mataji," na ce. "Mataji mai giɓi."

"Yauwa. Kowane haƙori yini ɗaya ne, tsawonsa yawan ƙaryar da aka saki ran nan. Mun gano duk daga wuri ɗaya take fitowa. Inji ne ke turawa, amma ba ya tafiya shi kaɗai. Layukan wayar toshe su ake yi, dole mutum ya zauna yana cire wannan yana sa wancan. In ya tashi, injin ya tsaya." Ta ɗora farce a kan allon. "Ka ga duk haƙori na bakwai gajere ne? Lahadi ke nan. Daga sha biyun rana zuwa ƙarfe huɗu, ko saƙo ɗaya ba ya fita."

"To mutumin mai zuwa coci ne."

"Da safe ake coci, Baba. Wannan cin abinci yake zuwa. Kuma gidan da yake zuwa ba a sallamar baƙo da wuri."

A gidana ran Lahadi sha biyu ake zama, a ci naman akuya da wake da garin rogo, a buga domino, sai huɗu baƙo yake tafiya.

Ta matsar da farcen tsakiyar matajin, inda haƙora huɗu suka fita gaba ɗaya.

"Nan fa?" na ce.

"Sha ɗaya zuwa sha huɗu ga Yuni."

Jama'a, ba sai an gaya min ba. Ran sha ɗaya Zilda ta faɗi a bakin murhu. Edvan ne ya rufe shagonsa ya taho da gudu, shi ya ɗauke ta a hannu ya sa a mota. Shi ya tsaya a asibiti, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu lokacin da ni ko sunana ba na iya rubutawa, shi ya ɗauki akwatin gawar ta gefen kai. Kwana huɗu bai matsa daga kusa da Jaciara ba.

"Garin nan mutum dubu arba'in ne," na ce. "Kowa yana cin abincin Lahadi."

"Haka ne."

"Kuma ba mu kaɗai muka yi rashi a Yuni ba."

"Haka ne, Baba." Tana ta juya zoben a yatsanta. Ba ta kama suna ba, ni ma ban kama ba. "Shi ya sa ban gaya wa kowa ba. Kuma akwai abin da bai zauna min ba. Ba a ba da layi sai da lambar CPF. Mun ƙirga layi sama da ɗari. A ina mutum ɗaya zai sami lambobin jama'a har haka? In ban sami wannan ba, zato ne kawai, ni kuwa ba zan yi wa kowa abin da aka yi wa Malama ba."

Sai na cire tabarau na ajiye.

Lambar CPF, lambar shaidar ɗan ƙasa ce a nan, wadda ko sabulu ka saya mai kanti zai tambaye ka, ka karanto masa ba tare da ka ɗaga kai ba. Wa ya taɓa ɗaukarta abin ɓoyo? Muna da ƙungiyar ƙwallo ta dattawa, Tsofaffin Zakaru, mu ashirin da biyu, ni ne mai riƙe littafi. A watan Maris Edvan ya ce zai ɗinka mana riguna ya kuma shigar da mu gasar dattawa ta yanki, sai dai ana son cikakken suna da ranar haihuwa da lambar kowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da shuɗin littafina, ina alfahari, ina cewa surukina ne. Riguna sun zo, kore da fari. Gasar ce har yau ba a fara ba.

Maganar ta zo min har bakin haƙori. Na haɗiye ta.

"Ki huta haka," na ce. "Idonki ya yi ja."

Washegari a filin ƙwallo, muna ɗaura takalma, Biu mai tsaron ragarmu ya iso yana jan tumbinsa.

"Wanzami, ka ji wani abin mamaki? Na je saya wa matata layi, yarinyar kantin ta ce ai akwai wasu layi biyar da sunana. Ni Biu! Wanda ko wannan ɗayan sai jikata ta amsa min."

"'Yan matanka ne suka yi yawa," wani ya ce.

"Wace mace ce za ta kula mai tsaron gidan da ya sha bakwai a hannun 'yan fansho?"

Aka fashe da dariya. Ni ma na buɗe baki kamar mai dariya. Ran nan ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafuna sau biyu.

Sha biyu daidai Edvan ya tafa hannu a bakin ƙofa, ya sumbaci hannuna, na sa masa albarka. Ya yaba naman Yaya Neuza, ya ɓare wa Jaciara lemo, ya cinye ni a domino. Ita tana kallonsa kamar mai neman wani abu a fuskarsa, tana kuma roƙon kada ta samu.

Ran Litinin da hantsi na rufe shago na tafi bakin kasuwa. Ba kowa a gaban kantin Edvan. Akwai labule a baya, wanda kullum yake cewa wurin ajiyar kaya ne. Na ɗaga.

Dogon tebur ne, wayoyi sun kai talatin a kwance, duk an cire musu baya, fanka tana hura su. Ga robar ayis-kirim cike da layuka kamar ɓawon gyaɗa. Edvan yana zaune da ɗan hantsaki a hannu, yana cire wannan yana sa wancan. A kan allon da ke gabansa fuskar Malama Celeste ce.

Bai firgita ba. Ya ajiye hantsakin a hankali, ya jawo min kujera.

"Zauna, Baba."

"Kada ka ce min Baba a ɗakin nan."

"To me zan ce? Ba ni da wani uban." Ya shafa fuska. "Ba ni nake rubutawa ba. Turo min ake yi, in saki. Ko ban yi ba wani zai yi."

"Malama fa? Matar nan me ta yi maka?"

"In ana sharar gari dole ƙura ta shiga idon wani. Manjo zai gyara garin nan, za ka gani. Sau nawa aka fasa min shago? Wa ya zo?"

"Da sunana kake yi. Da sunan Biu."

"Ba abin da zai same ku. Bayan zaɓe zan ƙone su duka." Ya durƙusa a gabana, na rantse muku da hawaye a idonsa. "Mako biyu ya rage. Mako biyu kawai, in rufe ɗakin nan har abada. Ina son Jaciara, kai shaida ne. Ka ga yadda ta koma bayan Mama. Kana so a shekara ɗaya ta rasa uwa ta rasa miji? In ka gaya mata, ba ni kaɗai za ka kashe ba. Kuma sunan wa ke kan layukan? Nawa ko ɗaya babu."

Ku zage ni, na cancanta. Na tashi na fita ban ce masa na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Na koma na buɗe shago na ci gaba da aski.

Kwana shida na yi da abin nan a cikina. Kullum da safe Jaciara ta fito da jakarta, ta kama hannuna ta sumbata, "Sa min albarka, Baba," in ce Allah ya yi miki albarka, in kasa kallon idonta. Ina gaya wa kaina don ita nake yi. Wai mako biyu ba shekara ba ne. Ran Laraba ma na raka ta wurin mai ɗinki, ta sa farar rigar, mai dogon hannu da leshi a wuya, ta juyo ta ce, "Ya ka gani?" Na ce fanka ce ta sa min ƙura a ido. Mai ɗinkin ta ce duk iyaye maza haka suke cewa.

Ran Juma'a da azahar, ba kowa a shago, sai ga Malama Celeste. Ta rame, ta yafa ɗan gyale, da ƙunshi a hammata.

"Genival, kana yi wa mata?"

"Malama, ai ga shagon mata can a kwana."

"Na je. Mai shagon ta ce in yi haƙuri, masu zuwa wurinta suna magana." Ta yi ɗan murmushi. "Rage min kawai. Gobe zan koma birnin Recife wurin ƙanwata, ba na so in isa kamar mahaukaciya."

Na yafa mata zane, na ɗauki almakashi. Na ɗage gashinta. A bayan kunnenta akwai tabo sabo, inda gilashin taga ya yanke ta. Ta lura na tsaya.

"Ya warke," ta ce. "Ci gaba."

Da na gama ta miƙo min ƙunshin. Zanen tebur ne fari, ta yi masa ado da hannunta, a tsakiya harafin Jaciara da na Edvan sun sarƙe da juna.

"Ba zan ga bikin ba. Ka ce mata kada ta ƙarar da kanta saboda ni, ta kula da mijinta. Yaron kirki ne, shi ya gyara min waya kyauta lokacin da zagi ya cika ta."

Ta fita. Na tsaya ina kallon farin gashinta a ƙasa, na kasa sharewa.

Jiya Lahadi, bayan mun dawo daga coci, ban je ƙwallo ba. Yaya Neuza tana kicin, ƙamshin akuya ya cika gida. Jaciara tana tebur da kuskus ɗinta da ƙwai, kwamfuta a buɗe, domin yau Litinin za su miƙa wa lauya abin da suka tara. Na shiga ɗaki na ɗauko shuɗin littafin, na ajiye a gabanta.

"Mene ne wannan?"

"Amsar tambayarki."

Ta buɗe. Ta ga rubutuna mai kama da tafiyar kaza, sunaye ashirin da biyu, kowanne da lambarsa. Na gaya mata komai: riguna, gasa, labule, robar ayis-kirim. Ba ta katse ni ba. Akwai shafin da mutum yake duba layukan da aka buɗe da sunansa. Ta sa lambata.

"Biyar," ta ce.

Ta sa ta Biu, da yake shi da bakinsa ya faɗa. Biyar, ban da nasa na gaskiya.

Ta ɗauki fensirin da ke gashinta ta yi ɗan rubutu a gefen littafin. "Ashirin da biyu sau biyar, ɗari da goma. Mu ɗari da goma sha biyar muka ƙirga. Saura mutum ɗaya. Wa kuma ka ba shi?"

"Babu. Na rantse da Allah, babu."

"Tuna, Baba."

Ina cikin girgiza kai sai idona ya sauka kan rigar nan mai furanni ja a bayan ƙofa. Na tuna wata jakar takardu ruwan ɗorawa, wadda na danƙa masa a barandar asibiti na ce, ɗana, ka ji da wannan, ni ba zan iya ba.

Ta bi idona. Ba ta nemi takarda ba, lambar uwarta a kanta take. Ta buga da yatsa ɗaya, a hankali.

Layi biyar. An buɗe su ran sha tara ga Yuni, washegarin addu'ar bakwai.

Wata uku ke nan Zilda tana zagin Malama Celeste a wayoyin garin nan. Zilda, wadda duk ƙarshen shekara take kai wa matar nan kek.

Yaya Neuza tana tsaye a ƙofar kicin, ban san tun yaushe ba. Ta yi alamar gicciye, ta ce, "Ɗan banza. Da hannuna na zuba masa ƙari."

Jaciara ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dube ni.

"Tun yaushe ka sani?"

Ƙarya tana kusa, da na ce jiya da ta yarda.

"Litinin."

"Litinin." Ta gyaɗa kai. "Ka raka ni gwajin riga ran Laraba."

"Tsoro na ji, 'yata. Na ga kin fara cin abinci, kin fara dariya. Na ce in kika rasa shi ma..."

"Kwana shida ina sumbatar hannunka." Muryarta ba ta tashi ba. "Shi na san abin da zan yi da shi. Kai ne ban sani ba."

Wannan kalma, jama'a, ko a kabari ba za ta bar ni ba.

Ta jawo kwamfutar. "In na sa wannan a rahoto, sunanka zai shiga. Za a kira ka kotu, kai da abokanka. Yaran Manjo za su san shagonka."

"Sun san shi. Ki fara da nawa. Su Biu ni zan bi su gida-gida in gaya musu, kamar yadda na bi su na karɓa."

"Na Mama fa?"

"Ki sa. Da tana nan da ita za ta kai da ƙafarta."

Ta yi rubutu na ɗan lokaci. Ba ta ce ta yafe min ba, ban kuma roƙa ba. Wayarta ta yi ƙara a kan tebur, duk muka gani: "Na samo kek ɗin da kike so, jarumata." Ta kife ta.

Sai ta kama zoben. Ya ƙi fita, ta je famfo ta sa sabulu, ta dawo tana goge shi da gefen riga. Ta buɗe tafin hannuna ta sa, ta naɗe min yatsu a kai.

"Kai ka kawo shi, Baba. Kai za ka mayar."

"Yau zan kai masa shago."

"Ba sai ka je ba. Ƙarfe nawa?"

Na duba agogon bango. "Sha biyu saura minti goma."

Ta juyo min da allon. A gefe akwai inda saƙonnin suke shigowa ɗaya bayan ɗaya tun safe, kamar ɗigon famfo. Muka zuba ido mu uku. Minti ɗaya, biyu, biyar. Ko ɗaya bai ƙara shigowa ba.

"Ya taso," ta ce.

Yaya Neuza ta koma kicin ta kashe wuta. Ni na zauna da zobe a aljihu ina jin bugun agogo. Sha biyu daidai aka tafa hannu a bakin ƙofa, sau uku, irin tafinsa.

Na fita. Yana tsaye cikin farar riga da guga, ya yi aski a wani wurin, kek a hannun hagu, turaren nan nasa ya riga shi shigowa. Ya duba fuskata yana neman alkawarin da ban yi masa ba, ya ga kamar yana nan. Ya yi murmushi.

"Sa min albarka, Baba."

Na fito da hannuna daga aljihu. Ya kama, ya sunkuya zai sumbata, sai na juya shi na buɗe.

Ya daɗe a sunkuye yana kallon zoben. Da ya ɗago ba ni ya kalla ba, bayana ya kalla. Na ji takun Jaciara ya tsaya a bakin falo, na ji muryarta a sanyaye, sak ta uwarta in ta gama yanke shawara.

"Shigo, Edvan. An shimfiɗa zanen da Malama ta ba mu. Yau ma sai ƙarfe huɗu za ka tafi, ko garin nan ya huta."